Yadda za a gane ƙwayoyin cutar da ke bijire wa magani a asibiti, a kuma tare musu hanya

Duk wanda ya daɗe yana aiki a asibiti ya san irin wannan mara lafiyar. An yi masa tiyata ko an saka masa robar fitsari, ya fara samun sauƙi, sai a kwana na huɗu ko na biyar zazzaɓi ya taso, aka yi gwajin maleriya ba a ga komai ba, aka ɗora shi a kan allurar kashe ƙwayoyin cuta ta seftirayazon, amma jiki ya ƙi yin sanyi. Abin da aka saba yi a nan shi ne a rubuta wani magani da ake ganin ya fi ƙarfi, idan shi ma ya gaza a ƙara wani, har kuɗin dangi ya ƙare ko ran mara lafiya ya yi halinsa. Ciwon da ya bayyana bayan awa 48 da kwantar da mutum ana lissafa shi a matsayin wanda aka ɗauka a cikin asibiti, kuma ƙwayoyin da ke haddasa shi sun riga sun saba da magungunan da ake amfani da su a wannan ginin. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, inda aka samu kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000.

A fara da sanin makamin da ƙwayar cutar take riƙe da shi

Mafi yawan magungunan da ake dogara da su a asibiti dangi ɗaya ne, wanda ake kira beta-laktam. Penisilin, ampisilin, amoksisilin, seftirayazon, seftazidim da meropenem duk suna da wani ɗan zobe a tsarin sinadarinsu, kuma da wannan zoben ne suke hana bakteriya gina bangon jikinta har ta fashe. Bakteriya kuwa tana iya ƙera wani sinadari, wato inzayim mai suna beta-laktames, wanda aikinsa kamar na almakashi ne: yana datse zoben tun kafin maganin ya kai inda zai yi aiki. Wannan makami ya girmi amfani da maganin a asibitoci, domin tun a 1940 Edward Abraham da Ernst Chain suka bayyana inzayim ɗin da ke lalata penisilin, lokacin da ba a ma fara sarrafa shi da yawa ba.

Almakasan ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancinsu shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Na farko su ne waɗanda ake kira ESBL, masu datse penisilin da danginsa har da seftirayazon da sefotaksim da seftazidim, waɗanda aka fara ba da rahotonsu a Jamus a 1983, kuma wanda ya fi yaɗuwa cikinsu a yau shi ne CTX-M-15, musamman a jikin bakteriyar Escherichia coli (E. coli) da Klebsiella pneumoniae. Sinadarin kilabulanik, wanda ke cikin Augmentin, yana iya danne su a farantin gwaji, ko da yake hakan ba ya nufin maganin zai ceci wanda ƙwayar ta shiga jininsa. Na biyu shi ne AmpC, wanda Enterobacter cloacae da Citrobacter freundii suke ɗauke da shi tun asali. Wannan yana da yaudara, saboda gwajin farko zai iya nuna cewa seftirayazon na aiki, sai bayan kwanaki kaɗan da fara magani ƙwayar ta ƙara yawan inzayim ɗin da take fitarwa, ciwon ya dawo sabo.

Na uku, waɗanda suka fi tayar da hankali, su ne masu lalata meropenem da 'yan uwansa, wato magungunan da ake ajiyewa don ranar da komai ya ƙi. Daga cikin waɗannan almakasan, an fara gano wanda ake kira KPC a jikin Klebsiella da aka samo a jihar North Carolina ta Amurka a 1996, aka gano OXA-48 a Istanbul ta Turkiyya a 2001, sannan aka gano NDM-1 a 2008 a jikin wani mara lafiya a Suwidin wanda aka taɓa kwantarwa a asibiti a New Delhi, kuma daga nan sunan ya samo asali. NDM da 'yan gidansa VIM da IMP suna amfani da ƙarfen zinc wajen datse zoben, abin da ya sa magungunan da ke danne sauran almakasan ba sa yi musu komai. Yana da kyau a ware bakteriyar Staphylococcus aureus mai bijire wa maganin metisilin, wanda aka fi sani da MRSA kuma aka fara gani a Ingila a 1961, domin shi ba datse magani yake yi ba, sauya wurin da maganin ke kamawa yake yi, saboda haka ƙara kilabulanik ba ya amfanar da komai a kansa.

Abin da ya sa wannan matsala take gudu kamar wutar daji shi ne cewa umarnin ƙera waɗannan almakasai yakan zauna a kan wani ɗan guntun ƙwayar gado mai suna filasmid, wanda bakteriya ke miƙa wa junansu ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa guntun ɗaya yana ɗauke da kariya daga jentamisin da sifirofuloksasin a lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara masu tsananin tamowa da aka kwantar a Maraɗi ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku sun iso da bakteriya masu ESBL a hanjinsu, kuma cikin waɗanda suka iso babu su aka sake gwada su lokacin sallama, sama da kashi 90 cikin ɗari sun kwashe su a asibitin.

A ɗauki samfuri kafin a soka allurar farko

Mataki na farko a aikace shi ne wanda aka fi tsallakewa. Idan ana zargin ƙwayar cuta ta shiga jini, a ɗebi jini don gwajin renon ƙwayar cuta, wanda ma'aikata ke kira kalca, kafin a ba da maganin farko ko kafin a sauya wanda ake bayarwa, domin allura ɗaya ta isa ta hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji alhali tana nan tana ɓarna a jiki. Ga babban mutum ana zuba mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kuma an fi so a ɗebi jinin daga wurare biyu daban-daban bayan an goge fata sosai an bar ta ta bushe, saboda ƙarancin jini a kwalba shi ne babban dalilin da ke sa sakamako ya fito babu komai. Ba a ɗibar fitsari daga jakar da ke rataye a gefen gado, ana ɗibarsa ne daga mashigar da aka tanada a jikin robar. A ciwon da ya yi ruwa kuma, mugunyar da aka zuƙo da sirinji daga ciki ta fi audugar da aka shafa a saman miki faɗin gaskiya. Idan mara lafiya yana cikin mawuyacin hali ba a jinkirta magani don jiran sakamako, ana ɗibar samfurin ne cikin 'yan mintoci sannan a fara.

A rubuta a takardar gwaji magungunan da mara lafiya ya riga ya sha, har da waɗanda ya saya a kemis kafin ya zo, da kuma ko an taɓa kwantar da shi a wani asibiti cikin watannin baya. Dangi ba kasafai suke faɗin wannan da kansu ba sai an tambaye su da lalama.

Abin da ɗakin gwaji zai iya yi ko da ba shi da manyan na'urori

Akwai tunanin cewa gano waɗannan inzayim sai da na'urori masu tsada, alhali mafi yawan aikin ana yin sa da faranti da 'yan faya-fayan takarda masu ɗauke da magani. Ana shimfiɗa ƙwayar a kan farantin renon ƙwaya na Mueller-Hinton bayan an dama ta a ruwa da kaurin 0.5 na ma'aunin McFarland, a ajiye a zafin digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Don gano ESBL, ana sanya faifan amoksisilin da kilabulanik a tsakiya, a sanya na sefotaksim da na seftazidim a gefensa da tazarar milimita 20 zuwa 30, kuma idan fegin da ƙwayar ta kasa tsirowa ya miƙe ya karkata zuwa faifan tsakiya kamar ramin makulli, to akwai ESBL. Wata hanyar ita ce a gwada faifan sefotaksim shi kaɗai da wanda aka haɗa da kilabulanik, idan faɗin fegin ya ƙaru da milimita 5 ko fiye an tabbatar. Ƙwayar da ta bijire wa sefoksitin kuma kilabulanik bai danne ta ba, a yi zargin AmpC. Shi wannan faifan na sefoksitin ne kuma ake amfani da shi wajen gano MRSA, inda fegin da bai wuce milimita 21 ba yake nuna bijirewa.

Idan fegin meropenem ya fito ƙarami, akwai gwaji mai sauƙi da ake kira mCIM wanda ya kamata kowane ɗakin gwaji na babban asibiti ya iya. Ana jefa faifan meropenem a cikin ruwan reno da aka dama ƙwayar da ake zargi, a bar shi awa huɗu, sannan a ciro shi a ɗora a kan farantin da aka shimfiɗa wa E. coli ta gwaji mai lamba ATCC 25922, wadda aka san meropenem na kashe ta. Idan washegari aka ga ta tsiro har kusa da faifan, fegin bai wuce milimita 6 zuwa 15 ba, to ƙwayar farko ta cinye maganin da ke cikinsa, wato tana da inzayim. Idan aka maimaita gwajin tare da sinadarin EDTA, wanda ke kame ƙarfen zinc, sai fegin ya ƙaru da milimita 5 ko fiye, to inzayim ɗin daga gidan NDM yake. Akwai kuma tsinken gwaji mai kama da na maleriya da ke bambanta KPC da OXA-48 da NDM da VIM da IMP cikin minti 15, sannan na'urar GeneXpert da aka rarraba a asibitoci da yawa don gwajin tarin fuka tana iya gano ƙwayoyin gadon waɗannan inzayim idan aka samu kwanson da aka yi don haka.

Sakamako irin wannan ba a ajiye shi a tire ana jiran dangi su zo karɓa. Wanda ya gani ya ɗauki waya ya kira likitan ɗakin a wannan sa'ar.

A zaɓi magani gwargwadon almakashin

Kafin a rubuta komai, a tambayi kai ko ƙwayar da aka gano ciwo take jawowa ko zama kawai take yi. Bakteriya a fitsarin wanda ke da roba kuma ba ya zazzaɓi ba ta buƙatar magani, sai fa ga mai juna biyu ko wanda za a yi wa aiki a mafitsara, kuma yi mata magani ba ya haifar da komai sai ƙara horar da ita. Idan ciwo ne na gaske, a nemi tushensa a kawar, wato a cire robar, a sauya kanula, a fasa ƙurji a fitar da mugunya, domin babu maganin da ke ratsa tarin mugunya yadda ya kamata.

Ga ESBL da ta shiga jini, meropenem ne abin dogaro. Binciken MERINO da aka wallafa a 2018 ya kwatanta shi da haɗin piperasilin da tazobaktam a kan masu E. coli ko Klebsiella a jini waɗanda seftirayazon ba ya kashewa, kuma cikin kwana 30 kashi 12.3 cikin ɗari na waɗanda aka ba wannan haɗin sun rasu, alhali a ɓangaren meropenem kashi 3.7 ne. Amma idan ciwon mafitsara ne kawai marar tsanani, naitirofurantoyin na sha yakan wadatar, kuma ɓarna ce a buɗe kwalbar meropenem saboda shi. Ga masu AmpC, sefefim ya fi seftirayazon aminci ko da takardar gwaji ta ce seftirayazon na aiki.

A kan masu lalata meropenem ne sunan inzayim yake raba hanya. Haɗin seftazidim da abibaktam, wani sinadari mai danne almakashi, yana aiki a kan KPC da OXA-48, amma ba ya taɓa NDM, don haka dangin da suka sayar da gona suka sayo shi ga mai NDM sun yi asara biyu. NDM kuwa ba ya iya datse aztironam, sai dai ƙwayar takan zo da wasu almakasan da ke datse shi, shi ya sa ake haɗa aztironam da abibaktam domin ɗaya ya kare ɗaya. Inda waɗannan ba su samuwa ana komawa ga amikasin ko kolistin gwargwadon sakamakon gwaji, tare da bibiyar aikin ƙoda saboda dukansu suna iya illata ta, kuma a tuna cewa kolistin ba ya aiki a kan bakteriyar Proteus da Serratia tun fil azal. Shi kansa kolistin ɗin ba shi da tabbas, tunda a 2015 an bayyana mcr-1 a China, kariyar da ke yawo a kan filasmid, wadda aka fara gani a jikin aladu.

Kowane maganin da aka fara a sake duba shi bayan awa 48 zuwa 72 tare da sakamakon gwaji a hannu, a rage shi zuwa mafi sauƙin da ke aiki, a kuma rubuta ranar tsayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku tun 2017, na yau da kullum da na sa-ido da na ajiya, kuma seftirayazon yana cikin na sa-ido duk da yadda ake rabon sa ga kusan duk mai zazzaɓi. Maganin kariya na tiyata ana ba da shi ne cikin awa ɗaya zuwa biyu kafin a tsaga fata, kuma ci gaba da shi har kwana biyar ko bakwai bayan aiki mai tsabta ba ya rage ruɓewar miki.

A toshe hanyar da take bi daga gado zuwa gado

Waɗannan ƙwayoyin suna zaune a hanji, suna fita ta bayan gida, kuma hannu ne abin hawansu. Ana tsabtace hannu kafin a taɓa mara lafiya, kafin aiki mai tsabta kamar saka kanula, bayan haɗuwa da jini ko fitsari ko makamantansu, bayan an taɓa mara lafiya, da kuma bayan an taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Man goge hannu mai barasa yana buƙatar daƙiƙa 20 zuwa 30, sabulu da ruwa kuma 40 zuwa 60 idan akwai datti a bayyane. Inda ruwan famfo ba shi da tabbas, sashen magunguna na asibiti zai iya haɗa man da kansa bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai itanol kashi 80 da gilisarin kashi 1.45 da haidirojin faroksayid kashi 0.125, a rataya kwalba a kowane gado. Safar hannu da aka zagaya ɗaki da ita ta fi hannu tsirara haɗari, domin mai sanye da ita yana jin ya tsira.

Wanda aka gano yana ɗauke da mai lalata meropenem a ware shi a ɗaki, idan babu ɗaki a kai shi ƙarshen layi tare da masu irin ƙwayarsa, a ware musu ma'aunin zafi da na hawan jini da fo, a kuma sa a duba su a ƙarshen zagaye. Bakteriyar Acinetobacter baumannii na iya rayuwa makonni a kan busasshen ƙarfen gado da katifa, saboda haka ana wanke wurin da sabulu sannan a goge da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1, wanda ake samu idan aka zuba mudu ɗaya na bilic mai kashi 3.5 a mudu 34 na ruwa, ko a mudu 6 don samun kashi 0.5 na goge jini, kuma ana haɗa sabo kowace rana. Katifar da ledarta ta yage ba ta gyaruwa da gogewa. Magudanar wurin wanke hannu ma matattara ce, don haka ba a zuba fitsari ko ragowar ruwan ƙari a ciki. A sashen jarirai, inda Klebsiella ta fi yin kisa, al'adar buɗe ledar ruwa ɗaya ana ɗiba da sirinji ga jarirai da yawa tsawon yini da kuma kwantar da jarirai biyu ko uku a kwalbar ɗumama jarirai ɗaya suna cikin hanyoyin da annoba ke farawa.

Masu jinya daga cikin dangi su ne ke juya mara lafiya, su zubar da fo, su ba shi abinci, su kuma taimaka wa maƙwabcinsa na gado idan nasa mai jinyar ya fita, saboda haka duk tsarin da bai lissafa da su ba rabi ne. A nuna musu wurin sabulu a ranar farko, a bayyana musu dalilin da ya sa buta da kwano ba sa zagayawa, kuma a roƙi 'yan dubiya cikin mutunci kada su zauna a kan gado. Bayani na minti biyu da harshen da suke ji ya fi takardar da aka manna a bango da Turanci.

Kowace safiya a lokacin zagaye a tambaya ko robar fitsari da kanular da ke jikin kowane mara lafiya har yanzu suna da amfani, idan babu a cire su a ranar. Jakar fitsari tana zama ƙasa da mafitsara ba tare da ta taɓa ƙasa ba.

A riƙa rubutawa

Ɗakin gwaji ya buɗe rajista ɗaya da ake shigar da sunan ƙwaya da ɗakin da ta fito da ranar da aka gano ta da magungunan da suka yi aiki a kanta. Idan aka ga ƙwaya iri ɗaya mai salon bijirewa iri ɗaya a jikin mutum biyu ko uku a ɗaki guda cikin mako ɗaya ko biyu, a ɗauka annoba ce ta fara, a sanar da kwamitin hana yaɗuwar cuta na asibitin, wanda a Najeriya zai iya kai rahoto ga hukumar NCDC da ke jagorantar sa-ido kan bijirewar ƙwayoyin cuta a ƙasar. A ƙarshen shekara ana tattara rajistar a fitar da jadawalin da ke nuna kashi nawa na kowace ƙwaya kowane magani ke kashewa, ana ƙirga samfurin farko kaɗai na kowane mara lafiya, kuma ana son a samu aƙalla 30 na kowane jinsi kafin a dogara da alƙaluman. Da wannan jadawalin ne likitan dare zai zaɓi maganin farko kafin sakamako ya fito. Ranar sallama kuma a rubuta sunan ƙwayar da na inzayim ɗinta ɓaro-ɓaro a katin mara lafiya, a ce masa ya nuna shi a duk asibitin da ya je, domin tana iya zama a hanjinsa watanni bayan ya warke.